Kundin aikin manhajar sito: abin da muka ce zai faru da abin da ya faru

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Yau muka buɗe zangon farko. Aikin dai manhaja ce ta lissafin kaya a sito, kaya in sun shigo a rubuta, in sun fita a cire, in abu ya kusa ƙarewa ta yi gargaɗi, sannan akwai ɓangaren waya da ma'aikatan sito za su riƙa aiki da shi ko babu intanet, in netwok ya dawo bayanan su haɗu da na saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan kowa. Mu shida ne a tim ɗin, masu rubuta kod huɗu, mai gwaji ɗaya, sai mai zana fuskar manhaja. Akwai kuma Hajiya da ke riƙe da jerin aikin a madadin kamfanin da ya ba mu kwangila, ita ke cewa wannan a fara wannan ya jira.

Salon Scrum muka ɗauka, wato tsarin da ake raba aikin manhaja zango-zango ana duba abin da aka gama a ƙarshen kowanne, namu zango sati biyu-biyu. Littafin jagorar Scrum na Ken Schwaber da Jeff Sutherland cewa ya yi zango kar ya wuce wata guda, zaman tsara shi kuma kar ya wuce awa 8 in na wata ne, mu da namu rabi ne sai muka tsayar da awa huɗu.

Kamfani na son a ɗora manhajar ranar 15 ga Disamba, kuma tun kafin mu zauna sosai Hajiya ta ce min “Injiniya za ku iya kuwa?” Na ce mata Hajiya duk wanda ya ba ki amsar nan yau faɗa kawai ya yi. Tun 1981 Barry Boehm ya nuna cewa kiyasin da aka yi a farkon aikin manhaja na iya kaucewa ninki huɗu sama ko ƙasa, wato abin da aka ce wata uku zai iya cin shekara, zai kuma iya ƙarewa ƙasa da wata guda, kuma tazarar nan ba ta tsukewa sai an fara yanke shawara ana ganin aiki a ƙasa. Na roƙe ta ta ba mu zango huɗu, daga nan zan kawo mata lissafi da ke da tushe. Ba ta ji daɗi ba amma ta yarda.

Talata, 9 ga Satumba

Jiya ban samu na rubuta yadda kiyasin ya gudana ba, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai.

Ba da awa muke auna tikiti ba, wato kowane guntun aiki da ke cikin jeri, da maki muke. Dalili shi ne mutum in ka ɗora masa kaya biyu zai faɗa maka wanne ya fi nauyi nan take, amma in ka ce ya faɗi kilo nawa ne sai ya kama lalube. To mun zaɓi tikiti ɗaya ƙarami da kowa ya fahimta, ƙara gurbin lambar waya a fom ɗin dillali, muka ce wannan maki 2 ne, duk sauran da shi za a gwada su. Katunan da ke hannun kowa su ne 1, 2, 3, 5, 8, 13, 20, 40, 100, kusan jerin Fibonacci ne, wanda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, aka ɗan gyara ƙarshensa, kuma da gangan tazarar ke faɗaɗa, don in aiki ya girma babu mai iya bambance 17 da 18, gardama a kan haka ɓata lokaci ne kawai.

Ƙa'idar ita ce kowa ya zaɓi katinsa a ɓoye a buɗe lokaci guda. James Grenning ne ya fito da wannan tsarin a 2002. Wani a cikinmu ya ce me ya sa ba za mu faɗa da baki kawai ba, ai ya fi sauri, sai na ba su labarin gwajin da Tversky da Kahneman suka wallafa a 1974: an juya wa mutane wani faifai da aka shirya ya tsaya a 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ke Afirka, waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 tasu wajen 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambaya ma ta ja su, balle a ce babban mai kod ne ya fara buɗe baki ya ce “wannan ai 3 ne”, wa zai ce 13 a bayansa?

Ga abin da ya faru a tikitin cire kaya daga sito. Masu kod biyu suka ɗaga 2, ɗaya 3, mai gwaji ta ɗaga 13. Muka ce malama bayani. Ta ce to in katan ɗaya ya rage, ma'aikata biyu suka cire shi lokaci guda, ɗaya kuma wayarsa ba netwok sai bayan awa uku bayanansa suka iso, wa ya cire, kuma me za mu nuna a allo, ƙasa da sifili? Ɗakin ya yi shiru. Hajiya ma ta ce sai ta tambayo yadda suke yi yanzu a takarda. Wannan tambayar ita ce ribar zaman gaba ɗaya a ganina, lambar da muka rubuta daga ƙarshe ba ta kai ta daraja ba ko kusa, domin da ba a buɗe katuna a tare ba da sai a wata na uku za mu ci karo da ita, bayan an gina abubuwa da yawa a kanta.

Mun ɗauki maki 42 a zangon nan.

Juma'a, 19 ga Satumba

Mun gama 19 cikin 42.

Wasu sun so a lissafa tikitocin da wai saura kaɗan, akwai guda uku da masu su suka ce sun kai kashi 90. Na ce a'a, kuma tim ta goyi baya bayan ɗan ja-in-ja. Sharaɗin “an gama” da muka rubuta a bango shi ne an rubuta kod, wani ya duba, gwaji ya wuce, an ɗora a sabar gwaji Hajiya na iya taɓawa da hannunta. Abin da bai cika wannan ba sifili ne, in muka fara raba rabin maki to lissafin da za mu dogara da shi nan gaba ya gurɓace tun daga tushe, kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san kashi goman ƙarshen nan shi ke cin rabin lokaci.

A zaman waiwaye mun duba ina lokacin ya tafi. Ba kasala ba ce, kowa ya yi aiki. Saita saba da hanyar ɗora kod ya ci kwanaki kuma babu tikitinsa, kod na zama ana jiran mai dubawa, amsar tambayar katan ɗin nan ma ta daɗe ba ta zo ba. Kowa da ya ɗaga kati, ranar da komai zai tafi daidai ya hango, ba ranar da aka saba ba. Kahneman da Tversky sun bayyana wannan halin tun 1979, mutum na raina lokacin da aikinsa zai ci ko da kuwa ya sha ganin irinsa ya wuce lokaci, kuma maganin da suka nuna shi ne ka daina kallon cikin aikin kaɗai, ka duba nawa irinsa suka ci a baya. Mutanen XP, wani salon aikin manhaja ɗan'uwan Scrum, na da tasu ƙa'idar mai sauƙi, wai yanayin jiya shi ne hasashen yau, abin da ka gama a zangon baya shi za ka ɗauka a na gaba. Don haka ranar Litinin wajen 20 za mu ɗauka, ba ƙari.

Talata, 23 ga Satumba

Mun sa doka, duk tikitin da ya haura 8 ba ya shiga zango sai an yanka shi. Yadda ake yankan ne muka daɗe a kai. Ɗabi'ar masu kod ita ce a ce tikiti ɗaya na rumbun bayanai, ɗaya na API mai haɗa rumbun da fuskar manhaja, ɗaya na fuska, sai a gama biyu amma babu abin da za a nuna wa kowa. Muka ce a yanka ta yadda kowane yanki ke aiki daga allo har rumbu ko da siriri ne. Rahoton kaya misali: na farko jerin abin da ke sito yau kawai, na biyu a iya tacewa da kwanan wata, na uku a fitar zuwa Excel. Abin mamaki da muka jera su haka Hajiya da kanta ta ce na ukun zai iya jira. Da yana cikin dunƙulallen tikiti mai maki 20 ba za ta taɓa samun damar faɗin haka ba.

Batun haɗa bayanan waya da saba kuwa mun ƙi ba shi maki. Katuna sun fito 8, 20, 40, 100, wannan ba saɓanin ra'ayi ba ne, rashin sani ne. Mun ware wa mutum ɗaya kwana biyu ya yi bincike ya gwada hanyoyi biyu ya dawo mana da abin da ya gani, kwana biyun na cika ya tsaya ko ya gama ko bai gama ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Mun ɗauki 22 mun gama 24. Binciken ya nuna gara wayar ta riƙa aiko da abin da ya faru, an cire kaza an ƙara kaza, maimakon ta aiko da jimilla, saba ce za ta yi lissafi, in aka samu karo sai ta ɗaga tuta shugaban sito ya warware. An yanka aikin haɗa bayanan zuwa tikiti bakwai.

Amma abin da ya dame ni yau daban ne. Manajanmu ya buɗe Jira, manhajar da muke bin tikitocinmu a ciki, ya ga jadawali, ya kira ni ya ce ya aka yi ɗaya tim ɗin ke yin 60 mu muna 24, yana son zango mai zuwa mu kai ko 35 ne. Na ce Yallaɓai makin nan ba awo ɗaya ba ne tsakanin tim da tim, su abin da suka kira 5 wataƙila mu 2 muke ce masa, kowa da tikitin da ya kafa ma'auninsa a kai. Kuma in ka ce lallai sai 35, wallahi za ka ga 35 ba tare da an ƙara layin kod ɗaya ba, katin 3 ne zai koma 5, ba ma don mutane na son ha'inci ba, kowa kare kansa zai yi. Wannan shi ne abin da ake dangantawa da Charles Goodhart, masanin tattalin arziki na Ingila, tun 1975: ma'auni in aka mai da shi abin da ake kora a cimma, ya daina auna gaskiya. Na ƙara masa da cewa jagorar Scrum ɗin kanta, har bugun 2020, ba ta ambaci maki ko gudun tim, wato makin da take gamawa a zango, ba sam, kuma tun bugun 2011 suka daina kiran aikin da tim ta ɗauka alkawari suka ce hasashe ne. Ron Jeffries ma, wanda yana cikin mutanen XP na farko, ya rubuta a 2019 cewa mai yiwuwa shi ya ƙirƙiro makin nan kuma in haka ne yana nadama, saboda yadda ake amfani da shi a matsa wa tim ko a gwada ta da wata.

Ya saurare ni har ƙarshe, sai ya ce to shi me zai kalla? Tambaya ce mai kyau gaskiya, mutum ne da shi ma ake tambayarsa daga sama. Na ce ya zo zaman nuni duk ranar Juma'ar ƙarshen zango ya ga manhajar na aiki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Buƙata ta faɗo a tsakiyar zango, kamfani na son a riƙa buga lambar sikanin a manna jikin katan. Ba mu ce a'a ba, sanarwar Agile ta ƙa'idodin irin wannan salon aiki, da mutum 17 suka rubuta a Utah ta Amurka a Fabrairun 2001 ai cewa ta yi karɓar canji ya fi manne wa tsari. Sai dai karɓar canji ba yana nufin zango ya zama roba ba. Na ce Hajiya in wannan zai shigo yanzu me zai fita? Ta duba ta ce ba gaggawa ba ne, a sa shi saman jeri na zango mai zuwa. Shikenan.

Litinin, 20 ga Oktoba

Zango na uku ya rufe da maki 33, kuma ban yi murna ba. Na ƙirga tikitocin da aka gama, kusan daidai suke da na zangon baya, girmansu ma in ka duba da ido haka. Maganar manaja ta zaga, katuna sun kumbura ba tare da kowa ya shirya ba. Na kawo tikitin lambar wayar nan na farko na ajiye a tebur, muka gwada wasu sabbin 5 da shi, kowa ya ga 3 ne. Babu wanda aka zarga, mun sake saita ma'auni kawai.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne allon aiki. Tikiti 12 ne a buɗe lokaci guda a hannun mutum shida, biyar daga ciki sun taru gaban mai gwaji, ita kaɗai, masu kod kuma da sun tura nasu sai su jawo sabo. Akwai lissafin John Little na 1961 da ke bayyana wannan: matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka daidai yake da yawan abin da ke cikin layi a raba da yawan da ke fita. In 12 ne a hannu kuma huɗu ke fita a sati, kowane tikiti sati uku zai yi kafin ya fita, ya wuce tsawon zangon ma. In aka rage na hannu zuwa shida, sati ɗaya da rabi. Ba wanda ya ƙara gudu, layin ne ya gajarce. Muka tsayar da iyaka: shida a buɗe, gaban gwaji kar ya wuce biyu, in ya cika mai kod ya ajiye nasa ya je ya taya gwaji. Ɗaya daga cikin samarin bai so ba, ya ce shi ba aikinsa ba ne, sai babban cikinmu ya ce masa ƙanena kod ɗin da ba a gwada ba ai bai zama aikin kowa ba tukuna.

Manaja kuma ya zo da tayin ƙaro mana mutum uku don mu cimma Disamba. Niyya mai kyau ce, amma Fred Brooks ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara masa latti yake. Sabbin sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne waɗanda aikin ke wuyansu, sannan hanyoyin magana tsakanin mutum shida 15 ne, tsakanin tara 36. Na ce in za a taimaka a ba mu mai gwaji ɗaya da ya riga ya san irin wannan aikin, nan ne wuyan kwalbar yake. An ce za a duba.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Zango huɗu sun cika, lokacin cika wa Hajiya alkawari ya yi. Ban yi amfani da maki ba, tunda na ga yadda suke motsi. Tikitocinmu yanzu kusan girmansu ɗaya saboda dokar yanka, don haka ƙirga su kawai na yi. A satuttukan baya-bayan nan muna gama tsakanin 4 da 8 a sati, matsakaici wajen 6. Saura 40 a jeri. Sai dai jeri ba ya tsayawa yadda yake, ana yanka tikiti ya haifi biyu, ana gano abin da ba a hango ba, namu ya riƙa ƙaruwa da kusan kwata, don haka 50 na lissafa.

Raba 50 da 6 ya ba da sati takwas da ɗoriya, amma lamba ɗaya tilo ita ce ke jawo rigima, kowa zai riƙe ta kamar rantsuwa. Sai na yi abin da ake kira Monte Carlo a Excel, ba wani abu mai wuya ba ne: kwamfuta ta ɗauki sati ɗaya cikin satuttukanmu na baya ba tare da zaɓe ba, ta cire adadinsa daga 50, ta sake ɗauka har ya ƙare, ta rubuta sati nawa aka yi, sannan ta maimaita haka sau dubbai. Abin da ya fito shi ne yawanci muna gamawa tsakanin ƙarshen Disamba da tsakiyar Janairu, 15 ga Disamba kuwa sai in matsakaicin satinmu ya haura 8, abin da bai taɓa faruwa ba.

Na san lissafin nan na da rauninsa, satuttukan da na dogara da su kaɗan ne, kuma ya ɗauka gobe za ta yi kama da jiya. Duk da haka ya fi duk wata lamba da za mu zauna mu ƙago a ɗaki, domin daga abin da hannunmu ya yi ya fito.

Talata, 4 ga Nuwamba

Jiya muka zauna da Hajiya da shugaban sitonsu. Na nuna musu jadawalin na ce abu uku ne a gabanmu, ko rana ta matsa, ko kaya su ragu, ko a rage inganci, na ukun kuma ba za mu yi ba don manhajar da ke ɓatar da lissafin kaya gara takarda da ita. Suka ce rana ba ta matsawa, suna da ƙidayar ƙarshen shekara kuma da manhajar suke son yin ta.

To sai muka bi tikiti 40 ɗin ɗaya bayan ɗaya da tsarin nan na MoSCoW da Dai Clegg ya fito da shi a 1994, dole, ya kamata, in an samu hali, ba yanzu ba. Zagayen farko 28 suka faɗa “dole”. Na ce 28 in ya ƙaru da kwata 35 ne, a raba da 6 kusan sati shida, wato daidai ranar, kuma daidai ranar na nufin ko a samu ko a rasa, rabi da rabi. Shugaban sito ne ya warware mana, ya ce Injiniya tambayar ita ce ranar ƙidaya me yarana za su taɓa da hannunsu? Da wannan tambayar aka sake tacewa. Fitar da rahoto zuwa Excel ya fita, matakan izini guda biyar sun koma biyu, gargaɗi ta saƙon waya ya koma gargaɗi a allo kawai, buga lambar sikanin ya tsaya don ƙidayar na buƙatarsa. Aka dawo 22, wanda ko ya kumbura bai kai sati biyar ba, muna da rarar sati guda da wani abu.

Zango na biyar ya fara da tikiti 11, huɗu daga ciki na haɗa bayanan waya ne tunda nan ne haɗarin ya fi yawa kuma gara ya fashe mana yanzu. Sabon mai gwajin zai fara Litinin mai zuwa, mun ware masa wanda zai zauna da shi satin farko kuma mun rage tikiti ɗaya saboda haka. Duk Juma'a zan sake juya lissafin da sabbin lambobi in tura wa Hajiya. Shugaban sito ya yi alkawarin ba mu ma'aikata biyu da wayoyinsu ranar 14 ga wata su gwada cire kaya ba netwok a cikin siton kansa, kafin nan muna jiran jerin kayansu na ainihi don mu loda a sabar gwaji.